Kayan Sanyin Inna Turai

Abdulghani ya taso ya tarar sunan uwarsa ya fi nasa tafiya, kuma har ya cika shekara talatin bai kamo ta ba. Shi direban motar ruwa ne, kullum yana zaga unguwannin Jidda da tanki, amma ko a Balad, tsohuwar unguwar da aka yanke masa cibiya, in baƙo ya tambayi wane ne shi, sai a ce ɗan Inna Turai mai ɗaurin kaya. Abin ba ya ɓata masa rai. In za a faɗi gaskiya, daɗi ma yake ji.

Inna Turai ba ta da shago. Igiya ce a kafaɗarta, basilla soke a ɗankwali, sai tabarmar da take shimfiɗawa a ƙofar masaukin alhazai na bakin tashar jiragen ruwa. Idan an sauko daga Arfa, alhaji ya shiga kasuwa ya sayo rabin duniya, ya dawo ya rasa yadda zai cusa ta a akwati ɗaya, sai a ce masa ya nemi Bahaushiyar nan. Za ta zo ta tsaya a kan tulin kayan ta ƙare musu kallo tukuna. Can sai ka ga kofunan shayi sun shige cikin huluna, gwangwanin zamzam ya kwanta a tsakiyar darduma, dabino ya yi nesa da turare don kada a je gida ana tauna ƙamshi. In ta gama ta ɗaga ƙunshin da hannu biyu ta ce kilo kaza ne, je ka sikeli ka gwada. In an samu bambanci, to sikelin ne ke buƙatar gyara. Kuma ba ta taɓa ɗora hannu a kan igiya sai ta yi tambayarta guda ɗaya: "Wa zai kwance?" Ta ce ɗaurin da tsohuwa za ta kwance daban yake da wanda za a kwance a tsakar gida yara na ihu.

Abu ɗaya ne mutanen Balad suka kasa gane mata. Kowace shekara, cikin alhazan da ta yi wa ɗauri, sai ta zaɓi guda daga ƙasashen sanyi, Baturke ko mutumin Bukhara, ta ce ba ta son lada, ya ba ta ulu ko wata rigar sanyi. A Jidda fa, garin da mutum ke fitowa daga wanka yana neman tawul na biyu don zufa. Matan unguwa sun sha tsokanarta: "Inna, ko an yi miki bushara ƙanƙara za ta sauka a ƙofar Bab Makka?" Sai ta yi murmushi, ta kai abinta gida, ta zuba a akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonta tare da ƙwayoyin kafur saboda asu. Abdulghani ya girma yana jin ƙamshin kafur ɗin nan, bai taɓa ganin cikin akwatin ba. Ya ɗauka kowane gwani da 'yar tasa wautar, ta uwarsa kuwa ulu ce.

A Hajjin shekarar 1968 ne labarin ya zo. Abdulghani ya kai ruwa masaukin alhazai, ya tarar da uwarsa tana ɗaure kayan wani dattijo daga Habasha, Hajji Saleh, mutum mai Larabci a bakinsa. Kamar yadda take yi wa duk Bahabashe, ta tambaye shi ko ya san wani tafki a kan dutse, inda ake ɗaura jiragen ruwa da ciyawa. Dattijon ya ce ai a bakinsa yake zaune, Tafkin Tana ke nan. Ya ce a ƙauyensu ma akwai matar wani masaƙi da ake ce wa 'yar Takruri, wato 'yar mutanen yamma masu wucewa Makka a ƙasa. Tana da tsaga uku-uku a gefen baki, irin wadda ba a yi a ƙasarsu, kuma sunanta Maimuna.

Abdulghani ya san sunan. Daga bakin mahaifinsa, marigayi Na'ibi wanzami, ya ji shi. Shekara talatin da huɗu da suka wuce, Na'ibi da Turai sun baro Haɗeja a ƙasa, aka haifa musu 'ya a hanya, Na'ibi ya yi mata tsagar gidansu da askarsa. Ayarinsu ya bar Sudan ya hau duwatsun Habasha cikin damina don ya kai gaɓar teku. A can zazzaɓi ya kama Turai, nononta ya ƙafe, sanyi ya shiga ƙirjin jaririyar. Wata Musulma a bakin tafkin, wadda nata jinjirin bai daɗe da rasuwa ba, ta karɓe ta ta shayar. Suka ce shekara ɗaya za su yi su dawo su ɗauki abarsu. Yaƙi ya ɓarke a Habasha, hanya ta rufe, daga baya Na'ibi ya rasu a Jidda, kuma Turai ko sunan ƙauyen ba ta sani ba.

Da Hajji Saleh ya ga igiya ta tsaya a hannunta, ya gane da wa yake magana. Mutum ne mai gaskiyar da ba ta da tausayi, don haka ya ƙara abin da ba a tambaye shi ba. Ya ce matar nan ba ta son a yi mata zancen iyayenta. Cewa take uwarta ta tafi ganin ɗakin Allah, ta sauke ta a hanya don kayan su yi sauƙi, ta kuma manta.

Inna Turai ta ja igiyar, ta ƙulle, ta ɗaga ƙunshin ta ce, "Goma sha takwas." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Zaituna, matar Abdulghani, haihuwar Jidda ce kamar mijinta, kuma da ta ji labarin sai da ta riƙe baki. "Wallahi Inna zuciyarta dutse ce," ta ce masa a ɗaki. "Bintaha, 'yarta ta cikinta, ko sunanta ba za ta kira ba? Kullum 'yarinyar nan', 'yarinyar nan'!" Abdulghani ya yi ƙoƙarin bayyana mata cewa Maimuna 'yar fari ce, kuma macen da aka yi wa tarbiyya a Haɗeja ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna tana sonsa a gaban mutane, kunya ake ce wa wannan. Ya faɗa da baki, amma a ransa shi ma yana da tantama. Shekara talatin da huɗu ai ta wuce kunya.

Da aka fara zancen zuwa neman Maimuna, likita ya sa abin awo a ƙirjin Inna Turai, ya ce zuciyar nan ba za ta iya hawan dutse ba, iskar can sama ba ta da kauri, in ta je ba lallai ta sauko ba. Ta ce, "To." Sai tafiya ta faɗa kan Abdulghani, da nauyinta duka. Shi ba ya jin yaren Habasha, yayarsa ba ta jin Hausa ba ta jin Larabci. Zai je ya tsaya a gaban macen da ta yi imani an yar da ita, ya gamsar da ita cewa ba a manta da ita ba, alhali ba su da kalma ɗaya a tsakaninsu. Ya yi tunani ya yi tunani, ya yanke cewa tun da baki ba zai yi aiki ba, kaya ne za su yi magana.

Takardu ba su kammala ba sai watan Agusta. Jirgin sama zai kai shi Asmara, daga can wani ƙaramin jirgi ya haura da shi Gondar, sai mota zuwa bakin tafki. Mai sayar da tikiti ya ja masa kunne cewa ƙaramin jirgin nan kilo ashirin yake ɗaukar wa kowa, ko da kuɗi ba a ƙara ɗaya. Mako biyu shi da Zaituna suna zirga-zirgar kasuwa, kuma sun yi sayayya irin ta mutanen Jidda in za su nuna su 'yan Jidda ne: rediyo mai batir, agogon hannu, turaren wuta, yadin siliki kala uku, awarwaro, dabinon Madina. Inna Turai tana kallonsu suna shiga suna fita.

Ranar tafiya, jirgi sai la'asar. Da hantsi Abdulghani ya shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, ya jera komai, ya ce, "Ya Ummi, yalla, ga aikinki."

Ta fara da ɓangaren kayan sawarsa. Ta ɗaga jallabiya fara shara-shara, ta hango taga ta cikinta. Ta ɗaga ta biyu da ta uku, duk kanwar ja ce. Ga takalmin silifa, ga zanen ɗaura wa ƙugu irin na masunta. A ƙarƙashi kuma, abin da ya karya ta, mafici ne na kaba, sabo fil. Ta zauna daɓas ta yi ta dariya har da hawaye, abin da Abdulghani ya daɗe bai gani ba.

"Wannan fa na mene ne?"

"Ai Afirka ce, Ummi," in ji shi. "Kuma bakin bahar. Kin san zafin bakin ruwa."

"Wa ya ce maka bahar ne? Ka je Ɗa'if?"

"Sau nawa."

"To ka ɗauki ruwan nan da kake gani a tasha, ka haura da shi kan dutsen Ɗa'if ka ajiye. Sannan a buɗe sama a yi wata uku ana zuba ruwa ba fashi. Nan za ka. Da safe in ka buɗe baki hayaƙi ne zai fito. Ka tafi da maficinka ka yi wa gajimare fifita."

Zaituna ta tuntsire da dariya, ta manta ita ta sayo maficin. Inna Turai ta shiga ɗakinta ta fito da kayan da ta tanada ba wanda ya sani: kwat mai nauyi na wani Baturke, suwaita, safa ƙafa biyu, takalmi sau-ciki, bargo, laima, gwangwanin man kaɗanya don leɓe da ƙafa, ƙullin citta da kanumfari. Tana ajiyewa tana ba da umarni. Kwana biyun farko kada ya yi sauri ko ana kiransa, ya taka a hankali, in ya ji numfashi na yanke masa ba ciwo ba ne, ya zauna. Kada ya bar ƙafarsa a jiƙe. In an sa shi a jirgin ciyawa ya rungume kaya a ƙirji, don ruwa ta ƙasa yake shigowa. Abdulghani yana ji yana mamaki. Matar nan sau ɗaya ta taka ƙasar, tana zazzaɓi, tun ba a haife shi ba, amma tana kwatanta ta kamar jiya ta sauko.

Sai ta juya ga tulin tsaraba. Ta daɗe a tsaye.

"Wa zai kwance?"

"Yaya Maimuna mana."

"In ta kwance, me rediyon zai ce mata?"

Abdulghani ya ji zafin tambayar. "Zai ce mata danginta ba matsiyata ba ne, Ummi. Zai ce muna da daraja, ita ma tana da daraja a wurinmu. Khalas, me kuma kike so ya ce?"

"Hajji Saleh bai ce tana tambayar ko muna da arziki ba," in ji ta. "Wannan duka a mako biyu aka saye su. Ko jariri ya kwance zai gane."

Ta koma ɗaki. Suka ji ƙarar ƙarfe yana gogar daɓe. Abdulghani ya tashi zai taimaka, ta ɗaga masa hannu. Ita kaɗai ta jawo akwatin nan har bakin tabarma, ta ciro makulli daga igiyar wuyanta. Ƙamshin kafur ya cika ɗakin.

Abin da ta fara fitarwa 'yar hula ce, ba ta fi dunƙulen hannu ba, an ɗinka ta ninki uku da bakin zane irin saƙin gida, shuɗinta ya koɗe. Ta ajiye a gefen tabarma. Sai 'yar riga mai auduga a ciki. Sai wata ta fi ta kaɗan. Tana fitarwa tana jerawa, kowace ta ɗara ta bayanta, ba ta kallon kowa. Da ta yi magana ma, kamar da tabarmar take yi.

"Wannan a bakin teku na ɗinka, muna jiran jirgin da zai tsallakar da mu. Wannan shekarar da ya kamata ta fara tafiya. Wannan wata Baturkiya ce ta koya mini saƙa da tsinke biyu, shi ya sa hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

"Inna, ya aka yi kike sanin girmanta?" Zaituna ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Saudatu ta gidan Usuman mai shinkafa sa'arta ce. Duk shekara nakan kira ta in auna kafaɗarta da taƙi. Yarinyar kirki, ta yi ta zaton ita zan ɗinka wa."

Jeri ya yi ta tsawo har ya zarce tabarma ya hau daɓe. Akwai shekarar da safa ce kawai, an saƙa ta da zaren tsohon buhu, shekarar da Na'ibi ya rasu ke nan, gidan ba ko na cefane. Akwai jan mayafi na Bukhara mai ado a baki, wanda ta ce a lissafinta shekarar ce ya kamata a kai yarinyar ɗakin miji. Bayansa akwai wani faffaɗa wanda zai rufe mace da goyonta. Na ƙarshe babban mayafin ulu ne mai launin toka, na bana, irin na mace mai hankali da 'ya'ya sun fara girma. Guda talatin da huɗu ne, babu shekarar da aka tsallake.

Abdulghani ya bi jerin da kallo. Kunya ce ta fara kama shi, ta tuna duk lokacin da ya taya matan unguwa dariya. Bayanta sai wani irin son uwarsa ya taso masa. Ashe duk zufar da ake yi a Jidda, matar nan sanyin wani dutse take ji. Zaituna kuwa ta rufe fuska da gyale tana kuka a fili, tana cewa, "Samihini, Inna, ki yafe mini." Inna Turai ta ce, "Me kika yi? Miƙo mini igiya."

Da hannunsa Abdulghani ya kwashe rediyo da siliki da sauran tarkacen ya tura bayan ƙofa. Ba wanda ya ce masa ya yi.

Nan ya ga aikin da bai taɓa gani ba, duk da shekarun da ya yi yana kallonta tana ɗauri. Ta ɗauki 'yar hular nan ta ninke, ta naɗe ta a cikin rigar shekara ta biyu. Ta naɗe wannan a cikin ta uku. Kowace shekara ta rungume wadda ta gabace ta, hannun riga ya zagayo ya riƙe, ba gaggawa, ba wuri ɗaya da ya yi tudu. Ƙunshin ya yi ta girma a gabanta har mayafin toka ya rufe su duka. Ta sa yankin tamfal saboda ruwa, ta ɗinke bakinsa da basilla, ta zagaya igiya. Duk wanda zai kwance sai ya fara da bana, ya yi ta sauka shekara bayan shekara, kuma ba zai kai ga 'yar hular ba sai ya taɓa kowace da hannunsa.

Ta ɗaga da hannu biyu. "Sha tara da rabi."

Ta tattara kayan Abdulghani, kwat da bargo da sauransu, ta ɗaga. Ta ajiye, ta sake ɗagawa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Bakwai."

Ashirin da shida da rabi, jirgi kuwa ashirin ya ce.

"Mai sauƙi ne," in ji Abdulghani da sauri. "A bar kwat ɗin da bargon. Ni namiji ne, mako uku ne kawai, zan daure."

"A'a." Ta faɗa da ƙarfin da ya sa Zaituna ta ɗago. "Na ba dutsen nan ɗa ɗaya ba mayafi. Ba zan ba shi na biyu ba."

Ta durƙusa a gaban ƙunshin ta sa hannu a kan ƙullin. Ita ce fa matar da ta sha gaya wa alhazai cewa kayan da ya fi ƙarfin ma'auni rage shi ake yi, ba a yi masa kuka. "Za a cire na tsakiya masu nauyi," ta ce. "Kamar guda bakwai ko takwas. Ba za ta sani ba." Amma yatsun nan da suka ɗaure kayan rabin duniya sun tsaya a kan igiya, sun kasa kwance ta. Abdulghani ya gane abin da take yi. Zaɓa take, wace shekara ce za a ce ba a tuna da yarinyar ba.

"Ummi, cire hannunki."

Ya tuna alhazan da yake gani a filin jirgi, masu agogo uku a hannu ɗaya da riga kan riga, waɗanda ya sha yi wa dariya. Abin da ke jikin mutum ba a ɗora shi a sikeli. Uwarsa ta fi kowa sanin wannan dabara, amma ba za ta taɓa neman ɗanta ya yi ta a watan Agusta ba. Bai jira ta nema ba. Ya zura jallabiya ta biyu a kan ta jikinsa, ya ƙara ta uku. Ya sa suwaita. Ya sa safa ƙafa biyu ɗaya kan ɗaya, ya cusa ƙafa a takalmi. Ya ɗauki kwat ɗin Baturke ya saka, ya zuba man kaɗanya a aljihun dama, citta da kanumfari a na hagu, ya yafa bargo a kafaɗa, ya rataya laima a hannu. Kafin ya gama zufa ta fara ɗiga daga haɓarsa.

"Kai, za ka suma kafin ka kai filin jirgi," in ji Inna Turai.

"In na suma a watsa mini ruwa. Shekara goma ina ba garin nan ruwa, su ma su rama mini yau."

Zaituna tana kuka tana dariya, ta ɗauko maficin nan ta miƙa masa. Ashe yana da ranarsa.

Mota ba ta shiga lungunan Balad, dole sai an taka zuwa Bab Makka. Bayan azahar suka fito, rana ta take tsaka, bangon gidajen dutse yana fitar da zafi kamar bakin tanda. Abdulghani na gaba da ƙunshi a ka, cikin kwat da bargo, yana fifita. Kafin su kai kwana ta biyu unguwa ta fito kallo. Masu shago suka bar ciniki. Mata suka leƙo ta tagogin katako. Wani ya ɗaga murya, "Ya Abdulghani, salamat! Zazzaɓi ne ko aljanu?" Wata tsohuwar ƙawar Inna ta tafa hannu ta ce, "Ga shi nan, ciwon ulun ya gangaro kan ɗan!" Abdulghani yana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, zufa na shiga masa ido. Tun da yake bai taɓa jin ya isa ɗan uwarsa ba kamar a wannan tafiyar.

A ƙofar shagon Usuman mai shinkafa ya sauke ƙunshin ya ɗora a sikeli, ba don yana shakka ba, don dai mutane su gani. Usuman ya matsa duwatsun awo, ya leƙa, ya ce, "Sha tara da rabi." Ba wanda ya yi mamaki.

A bakin tasi Inna Turai ta sake duba ƙullin. Ta nuna masa wani ɗan bakin igiya da ta bari a gefe, wanda ja ɗaya zai saki komai, ko a hannun da sanyi ya ƙandare.

"Kada ka kwance mata. Ko ta ƙi karɓa, ka ajiye a gabanta ka fita waje ka jira. Kada ka yi bayani, ba ka iya ba."

"To, Ummi."

"Kada ka cire kwat ɗin sai an gama awo."

"To."

Ya shiga mota da kyar, kayan jikinsa sun cika kujera. Direba ya tada inji. Ita kuwa ba ta janye hannunta daga kan tamfal ɗin ba. Ta sunkuyo ta taga, ta gyara masa bargon da ya zame, ba tare da ta dubi idonsa ba.

"Ka ce wa Maimunatu ta fara da na waje," ta ce. "Ta bi a hankali. Duk nata ne."

Sai da mota ta wuce ƙofar gari sannan Abdulghani ya gane abin da kunnensa ya ji. Ya juya da duk nauyin kayansa ya leƙa ta gilashin baya. Tana nan tsaye a rana, igiya a kafaɗa, ta rufe bakinta da hannu.